Gonar da Yaya Hajo ta Riƙe

Bana ma tsuntsayen jan-baki sun sauka a fadamar Gummi. Tun da hantsi nake jin ƙarar gwangwanaye daga bakin gulbi da ihun masu kora, ga zafin nan na ƙarshen damina da ke manne wa mutum riga a baya. Ina zaune a zaure bayan la'asar ina fifita, sai ga Nasiru, babban ɗana, ya shimfiɗa tabarma kusa da ni ya kafa wa waya ido. Likita ne, a Kuba ya yi karatu, kuma ban san me suka ba shi ya ci a can ba, ya dawo mana da son wani wasa wai shi besbol. Mutum ɗaya ya tsaya yana jifa da ƙwallo, wani ya tsaya da kulki yana jiran ya doka, sauran ƙarti suna tsaitsaye a fili suna taune-taune suna tofar da yawu. Ni dai tofar da yawun nan kaɗai ya isa ya ɓata mini rai.

Can sai ya bugi cinya ya ce, "Shi ke nan, ya samu ceto!"

Na ce, "Wane irin ceto kuma ga wasan ƙwallo? Kai dai ba ka rabo da abin mamaki."

Ya yi dariya, ya matso da wayar. "Baba, wasan turmi tara ne, kamar yadda ake ƙirga turmi a dambe. Mai jifan da ya fara bai cika kaiwa ƙarshe ba, hannu ke gajiya, sai a canza shi. To in ƙungiya tana gaba, aka sako wani ya ƙarasa wasan ba a kamo su ba, shi ake rubuta wa ceto."

"Ko wane ne, in dai shi yaƙ ƙarasa?"

"A'a, da sharaɗi. Dole ya zama shi ya yi jifan ƙarshe, kuma ba shi aka ba nasarar wasan ba. Sannan sai ya cika ɗaya cikin uku. Ko ya shigo ratar ba ta wuce ci uku ba, ya yi turmi guda cur. Ko ya shigo wuta na ci, wato wanda zai farke cin ya riga ya kama hanya, ko yana riƙe da kulki, ko shi ke biye. Ko kuma ya yi turmi uku a jere har a tashi, komai yawan ratar."

Na ajiye mafici. Na ce, "To wanda anka sa tsakiya fa? Wanda yat tare wutar tun ana turmi na shida, yas sha wuya, kana anka hid da shi?"

"Wasu na rubuta masa wani ɗan abu wai riƙo. Amma gaskiya ba a cika kula da shi ba."

"Tir," na ce. "In kuma mutum ya shigo an riga an yi nisa, babu sauran haɗari, yay yi jifa biyu-ukku anka tashi?"

"Wannan ba shi da komai, Baba. Ya dai ƙarasa wasa ne."

Ya koma kan wayarsa. Ni kuwa wata damina ce ta faɗo mini a rai, wadda na fi shekara arba'in ina kauce mata.

Ƙauyenmu yana gabas da Gummi, a bakin fadama. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokin mutanen suna nan da ransu. Mahaifinmu, da muke kira Baffa, yana da gonar shinkafa guda, baƙar ƙasa mai danƙo wadda ko a shekarar fari ba ta kunyata mai ita. Amma gonar fadama a garinmu ba ta gado ba ce. Ta gari ce, Sarkin Noma ke rabawa, tana hannunka muddin kana nomanta. In mai gona ya rasu ya bar amfani a tsaye, wanda ya fid da gonar shi ake bar wa. Fid da gona kuwa a bakin dattawanmu abu ɗaya ne: wanda ya yanki damin ƙarshe da laujensa, ya ɗauko a ka ya dire a ƙofar Sarkin Noma. Ba sa tambayar wa ya yi cira, ba sa tambayar wa ya wuni cikin ruwa.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna, Yaya Hajo da ni Ummaru. Ta girme ni da shekara shida, Allah ya jiƙanta, ta daɗe da rasuwa yanzu. A lokacin mijinta ya mutu a Adabka, ta dawo gida da 'yan mata biyu ƙanana. Dangin uban suka ce sun ba ta shekara guda. In ta samu abin da za ta riƙa ciyar da su, a bar mata. In ba ta samu ba, za su zo su ɗauki jininsu. Ni kuwa ina Kaduna ina aiki a masaƙa, ina da takalmi sau-ciki da agogo da wata yarinya da nake nema. Ina ji da kaina ƙwarai.

A bazarar waccan shekara Baffa da Yaya Hajo suka yi kaftu, suna farfasa ƙasar da ta bushe ta tsattsage, rana na dukansu tun hantsi. Rijiyar gari ta ƙafe kamar yadda ta saba, aka koma tabkin bayan gari, inda shanu ke sha, mata ke wanki, kwaɗi ke zuba ƙwai. Ruwan kore-kore ne. In ka ɗebo a ƙwarya ka tsaya ka duba, za ka ga wasu ƙananan abubuwa suna tsalle a ciki. Sai a hure su gefe a sha. Ba wanda ya san a nan kurkunu yake. Wasu su ce a jini yake, wasu su ce an taka wani abu ne a hanya.

Ruwa ya sauka da kyau, aka yafa iri, shinkafa ta tsiro kore shar. Daidai lokacin da ciyawa ta fara tasowa ana bukatar kowane hannu, sai kurkunu ya buɗe wa garin wuta.

Wanda bai ga kurkunu ba ya gode wa Allah. Yanzu da aka haƙa burtsatse ko'ina, yaran zamani sun ɗauka tatsuniya muke musu. Da ƙaiƙayi da zazzaɓi yake farawa, sai bororo ya taso a idon sawu yana zugi kamar an ɗora garwashi. Ka ruga ka tsoma ƙafar a ruwa don ka ji sanyi, sai bororon ya fashe, wani farin abu siriri ya leƙo da kai. Tsutsa ce, mai rai, ta shekara a cikin namanka tana girma, wata ta kai kamu biyu. A'uzubillahi! Ba a jan ta da ƙarfi. Ana naɗe kan a sillen kara, kullum a murza kaɗan a ɗaure da tsumma, wani sai ya yi wata biyu yana wannan ƙazanta. In ta tsinke a ciki kuwa, mutum ya shiga uku.

Ta Baffa ta tsinke. Yana kwance yana jin labarin ciyawa na cinye masa gona, haƙurinsa ya ƙare, ya fizga. Ƙafar ta kumbura har cinya. Wanzami ya zo ya yi masa sakiya da jan ƙarfe, mugunya ta kusa cika ƙoƙo. Bayan kwana shida haƙoransa suka sarƙe, bayansa ya sandare, ko ruwa ba ya wucewa. Ya rasu cikin marka, ana ruwa kwana uku ba ɗaukewa.

Wasiƙa ta same ni bayan an binne shi. Na shigo mota har Gummi, daga nan na naɗe wando na ratsa taɓo, takalmina a hannu. Wallahi tun daga bakin gari wari ya tare ni, warin ruɓaɓɓen nama da danshin ɗaki da hayaƙin ɗanyen itace. Kowane zaure ka leƙa, mutane ne kwance da kara ɗaure a ƙafa, ƙudaje sun yi musu baƙi. Masu zuwa mana ta'aziyya wasu da sanda, wasu da jan gindi, ƙarti majiya ƙarfi da na sani suna kokawa a dandali. Inna na ɗaki da nata guda biyu, ɗaya a gwiwa ɗaya a ƙauri. Ta rungume ni tana kuka, ni kuwa ina ta ƙoƙarin kada tsummanta ya taɓa mini wando.

Da azahar Yaya Hajo ta shigo daga fadama, a jiƙe har ƙugu, matsattsaku biyu maƙale a ƙafarta sun ƙoshi da jini. A idon sawunta na hagu ga sillen kara, ga farin abin nan naɗe a jiki yana sheƙi. Ta zauna ta barbaɗa wa matsattsakun toka suka faɗi, sannan ta ɗebo mini ruwa a ƙwarya da hannunta. Na duba ciki, na ga abubuwan nan na tsalle. Na ce mata azumin nafila nake yi don Baffa. Ta ce, "Allah shi karɓa, ƙanena." Kwana ukun da na yi a garin, shayi kaɗai na sha a ɓoye wurin mai shayin bakin kasuwa.

Ranar uku ta same ni a zaure. Ta ce, "Ummaru, ka zamna ka kama mini cira ko da sati biyu ne. Ciyawa ta kusa cinye ta. In gonar ga ta hita, ɗiyana sun zamna hannuna."

Na ce, "Yaya, in na ƙara kwana ɗaya sallamata za su yi. Kin san Turawan masaƙa ba su san mutuwa ba."

Ƙarya nake. Takardar hutun mako biyu tana cikin aljihun rigata a lokacin da nake maganar. Ƙafarta na kalla na ji ƙyama, shi ke nan. Washegari na gudu, na je Gusau wurin wani abokina na cinye sauran hutun ina shiga silima. Tir da ni.

Abin da ya biyo baya Inna ce ta ba ni labarinsa daga baya, dalla-dalla, don ta ga ko zan ji kunya. Da asuba Yaya Hajo za ta fara da ƙafar Inna, ta wanke da ruwan ɗumi, ta murza kara, ta shafa man shanu ta ɗaure. Sannan ta yi wa tata. Ta dafa tafasa ko rama ta murmusa ɗan ƙuli-ƙuli a kai, domin rumbu ya riga ya yi fayau tun farkon marka. Ta ajiye 'yan matan kusa da Inna, ta ɗauki sanda ta nufi fadama. A can za ta shiga ruwa har cinya, a sunkuye, tana laluben ciyawa da yatsu tana tumɓukewa, har la'asar. Ita tsutsar nan kuwa ruwa take so, da ta ji sanyi sai ta riƙa zubo wani farin abu kamar tsinkakken nono, ciwon ya buɗe ya yi ja. Kafin ta farko ta gama fita, ta biyu ta ɓullo a ƙaurin ƙafar nan dai. In ta dawo ta tsaya a gefen tabki ta tono bado, a daka a haɗa da dusa a yi abin da za a kira tuwo. Wata Bafillatana ƙawar Inna takan kawo musu ɗan nono tsala ranar kasuwa, shi ake ba yaran, manya su lashi ludayi.

Sai gulbi ya kawo. Datsiyar ƙasa da ke tare ruwa ta ɓalle daidai gefen gonarmu, mazan da za su gyara kuwa suna kwance suna korar ƙuda. Ita da wasu tsofaffi biyu suka shiga, suna kafa itace suna cusa kara da taɓo, ruwa na kwashewa suna sakewa. Kwana uku suna wannan. A rana ta ukun wani reshe da ruwa ya kawo ya kama sillen karan ya fizge, tsutsar ta tsinke a ciki. Inna ta ce ihun da ta yi har cikin gari an ji. Amma ba ta fito ba sai da ruwa ya tsaya. Aka yi mata sakiya sau biyu. Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi, sai dai idon sawun ya ƙage, bai sake lanƙwasawa ba har ta koma ga Allah.

Tana wannan jinya shinkafa ta fid da kai, jan-baki suka sauka, irin saukar da suka yi bana. In suka taso daga yamma sai rana ta dushe. Ta sa aka kafa mata rumfar kara a tsakiyar gona, aka ja igiyoyi huɗu aka rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Kullum da sassafe a ɗora ta a jakin maƙwabci a kai ta, a ɗaga ta a ɗora bisa rumfar, ƙafar a miƙe tana tsiyaya. Ta wuni tana jan igiya, tana wurga majajjawa, tana ihu, rana na gasa ta, ga yunwa. Ta kusa wata guda a haka, har muryarta ta dushe ta koma kamar ta tsohon namiji. A shekarar nan rabin fadamar garinmu bai fita ba, wata gonar ciyawa ta ci, wata ruwa ya ci, wata tsuntsu. Tamu ta tsaya, ta nuna jawur, ta sunkuyar da kai don nauyi.

To a nan ne mai girma Ummaru ya ga damar dawowa. Ruwa ya janye, hanya ta bushe, tsuntsaye sun yi gaba, masu kurkunu sun fara takawa. Na iso da rediyo a kafaɗa, kuma gaskiyar magana ba girbi ya kawo ni ba, maganar aurena na zo yi da Inna. Na tarar Yaya Hajo ta riga ta yanke fiye da rabin gonar, a zaune, tana jan jiki daga wuri zuwa wuri da lauje. Ciwon ya sake buɗewa, Inna ta hana ta fita. Da ta gan ni ta yi murna har da hawaye, ko kalma ɗaya ba ta ce ba kan gudun da na yi.

Ta ce, da muryar nan tata da ta shaƙe, "Alhamdu lillahi da kaz zo. Abin da yar rage aikin kwana ukku ne. Ka yanke mini, amma ka ji da kyau, ka bar mini ɗan lungun gabas. Ko dami guda ne, kak ka taɓa shi. Ranar ƙarshe a kai ni bisa jaki in yanka da hannuna, in kai ƙohwar Sarkin Noma da kaina. Ka gane ko?"

Na ce, "Haba Yaya, sai ka ce yaro? Na gane."

Kwana biyu na yi ina yanka, ni da abokaina uku na ƙuruciya, ƙasa a bushe, iska na kaɗawa, rediyo na waƙa a gindin dami. Ko matsattsaku ɗaya ban gani ba. A rana ta uku da hantsi wani makaɗin noma ya biyo ta wurin, ya ga ɗan birni da agogo yana riƙe da lauje, ya ga inda zai samu goro. Ya saki ganga yana kirari, wai ɗan Baffa ya dawo, wai gona ta ga mai ita. Mata masu kai abinci suka tsaya suna guɗa. Kaina ya kumbura. Kafin azahar mun share komai, sai ɗan lungun gabas kaɗai ke tsaye. Na aika a ɗauko Yaya Hajo, na zauna ina sharce gumi.

Sai ga Sarkin Noma ya biyo ta kan datsiya da 'yan rakiyarsa, dattijo mai ƙaton ciki wanda duk daminar nan ba a ga ƙafarsa a fadama ba. Ya dubi lungun ya dube ni.

Ya ce, "Kai ɗan Baffa, mi kaka jira? Ƙarasa mana."

Na ce, "Ranka shi daɗe, Yaya tac ce a bar mata."

Ya yi wata dariya, 'yan rakiya suka taya shi. "Ashe haka Kaduna ka maishe da maza? Kana tsaye da ƙahwa biyu, mace gurguwa ta kawo dami ƙohwata? Ubanka na kabari shina jin kunya."

Makaɗin ya ƙara wa ganga wuta. Abokaina suna ta "Ummaru! Ummaru!" Wallahi ban fi minti goma ba na gama da lungun nan. Na ɗaure damin, aka ɗora mini a ka, muka kama hanyar gari ana kiɗa a bayana.

A kan siririyar hanyar da ke ratsa fadama muka yi kiciɓis da ita. Tana bisa jaki, ƙafar naɗe da tsumma, ta sa zanenta na Sallah, lauje a kan cinyarta. Ta dubi damin da ke kaina, ta leƙa bayana ta ga gona fayau. Kiɗa ya tsaya. Sai ta ja akalar jakin ta sauka gefe cikin karan shinkafa don in samu hanya. Ta ce, "Sannu da aiki." Na wuce.

Ko a nan akwai sauran gyara. A al'adar, in wanda ya kawo dami ya ce a gaban dattawa aiko shi aka yi, to gona ta mai aiken ce. Washegari bayan azahar aka taru a ƙofar Sarkin Noma. Limamin garinmu, wanda Inna ta roƙa ya yi magana, ya gyara murya ya ce, "Jama'a, mu ji tsoron Allah. Babu wanda bai san wadda tar riƙe gonar ga ba. Da ba don ita ba, ko datsiyar da ta tare gonakinku da ba ta nan."

Sarkin Noma ya ce, "Malam, riƙo daban, hiddawa daban. Haka munka taras. Ummaru, kai kak kawo, ko aiko ka anka yi?"

Kowa ya juyo. Ga waɗanda suka yi mini kirari jiya, ga tsofaffi suna kallon agogona, ga shi kuma na riga na fara lissafa yadda iyayen yarinyar nan ta Kaduna za su ji in an ce musu ina da gonar fadama. Kalma biyu ce kawai, aike ne. Suna kan harshena.

Na ce, "Ni nik kawo."

Aka shafa fatiha. Liman ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi, bai sake amsa gaisuwata da sakin fuska ba har ya bar duniya.

Shi ya sa maganar Nasiru ta tsaya mini a wuya. Mutanen da ke wasa da ƙwallo da kulki sun zauna sun yi tunani, sun ce ba kowane mai ƙarasawa ba ne ya yi ceto, sai ya tarar da haɗari, ko ya daɗe yana shan wuya. Da da dokarsu aka auna ni, ko ɗaya ban cika ba. Na shigo rata ta yi nisa, ruwa ya janye, tsuntsu ya tafi, na yi 'yan jife-jifena aka tashi. Su ma dai ba su kyauta wa na tsakiya ba, amma aƙalla ba za su ba irina komai ba. Mu kuwa da abincinmu ne a kai, da 'ya'yan mutum, dami guda muka duba.

Na yi wa kaina alkawari cewa suna ne kawai nawa, gona tana hannunta. Alkawarin bai kwana uku ba. Sarkin Noma ya kira ni ya ce gonar da ke da sunan namiji sai namiji ya noma ta, wanda zai riƙa fita gayyar gyaran datsiya. Tunda ni ina Kaduna, ga surukinsa nan, mutumin kirki, zai noma a raba amfani. Na ce to. Na gaya wa Inna wai don ƙafar Yaya ta huta na yi. Inna ta dube ni ta tofar da yawu a ƙasa, daidai gaban takalmina. Shinkafar shekarar kuwa rabinta a bikina ta ƙare, baƙi suna ta yaba daɗinta.

Kafin ruwan shekara mai zuwa ya sauka, mutanen Adabka suka zo. Sun ji labari, ba gona, ba miji, ga ƙafa. Ba su yi faɗa ba, ba su ɗaga murya ba, sun dai ce shekara ta cika. Ba na nan. Inna ta ce Yaya Hajo da kanta ta yi wa 'yan matan kitso, ta ƙulle musu 'yan tsummokaransu da ɗan ƙullin shinkafa, ta bi su tana jan ƙafa har bakin tabki, inda ta kasa ci gaba.

Da kaka ta zagayo na zo ɗaukar rabona. Na isa gonar da hantsi cikin sabuwar shadda, na tarar surukin Sarkin Noma ya gama yanka ana bugu. A garinmu in an kwashe dami, matan da ba su da komai sukan taru a bakin gona da ƙoransu, su jira mai gona ya ba su izini su yi kala, su tsinci abin da ya zube. Su bakwai ne ko takwas a tsaye cikin rana. Ban lura da su ba sai da mutumin ya nuna ni ya ce musu, "Ga mai gona nan ya iso, shi za ku tambaya."

Ɗaya ta matso tana jan ƙafar hagu. Ta rame har na so in kasa gane ta. Ta ɗan rusuna kamar yadda ake yi, ta ce da shaƙaƙƙiyar muryar nan, "Mai gona, a yi muna izini mu yi kala."

Na buɗe baki in ce Yaya, sai na ga masu bugu sun tsaya, kowa na kallona.

Na ce, "Ku shiga."

Ta ce, "Mun gode, Allah shi ƙara arziki."

Ta shiga, ta sunkuya da ƙyar, ta fara tsintar zangarniya ɗaya-ɗaya tana jefawa a ƙwarya. Ni kuma na koma wurin masu bugu, na tsaya a kansu ina lura kada a ɗaure mini buhu bai cika ba.